Me Ya Kawo Ka Fatakwal?

  Yau ina so mu tattauna wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina, wato yadda mutum zai baro garinsu saboda buƙata guda, ya shekara goma a nan, amma buƙatar tana nan yadda ya baro ta. Ciwo bai kwantar da shi ba, ɓarayi ba su tare shi ba, aiki kuma bai yanke masa ba. Yininsa ne kawai yake tsiyayewa kaɗan-kaɗan, kamar ruwa a tulu mai tsaga.

Ni tela ne, mutumin ƙasar Kafur ta Jihar Katsina. Na zo garin nan a 1998, kuma shagona yana Borokiri. Bahaushe ne ni, Kirista, don haka daga Littafi Mai Tsarki zan ɗebo misalaina. Na san yawancin masu karanta ni 'yan'uwa Musulmi ne, waɗanda muke shan shayi a teburi ɗaya, muke zuwa suna da jana'izar juna. Kowa da rijiyar da yake ɗiba, amma ƙishin iri ɗaya ne. Wanda ya ga abin amfani a nan ya ɗauka.

Jiya da yau

Mai karatu, garin nan kansa aiki ne ya kafa shi. A 1909 aka gano kwal a Enugu, Turawa suka nemi gaɓar da za su riƙa loda shi a jirgin ruwa. A 1912 aka soma kafa garin, a 1913 aka sa masa sunan Lewis Harcourt, sunan da bakinmu ya mayar Fatakwal. A 1916 layin dogo daga Enugu ya iso, daga baya aka haɗa shi da Kaduna ta Makurɗi da Kafanchan. Ta wannan hanya da yawa cikin magabatanmu suka gangaro, wani da shanu, wani da wake da albasa, wani aikin reluwe. Babu wanda ya zo kallon teku a cikinsu. Kowa ya san abin da ya kawo shi.

Ko a lokacin da na zo, idan kana son aika saƙo gida, sai ka rubuta wasiƙa ko ka ɗauki muryarka a kaset, ka ba direban babbar mota mai komawa Funtuwa, ka jira mako biyu ko uku kafin amsa ta dawo. Akwai kewa a cikin wannan, ba na musu. Amma tsakanin saƙo da saƙo, hankalin mutum yana kan aikinsa.

A watan Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta soma aiki a Najeriya, minti ɗaya naira 50. Tsadar ta sa kowa yana taƙaita magana. A 2003 aka fara lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai kiran dare na kyauta ya biyo baya, samari suka koma kwana a kan waya, su wayi gari suna gyangyaɗi a kan keke. Daga nan intanet ta shigo cikin aljihu. Yau kasuwa, da majalisa, da gidan kallon ƙwallo, da gidan caca, da gidan biki, duk suna cikin abu ɗaya da bai kai tafin hannu biyu ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Wata farfesa mai suna Gloria Mark, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci kan tsaya a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka zuwa wani. A 2004 ta sami kimanin daƙiƙa 150. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A binciken da ya biyo baya ya koma wajen daƙiƙa 47. To, ni dai a sana'ata, daƙiƙa 47 ba ta isa a ɗaura zare a keke a daidaita shi.

Wani ɗan ci-rani mai suna Nehemiya

Akwai mutum ɗaya a Littafi Mai Tsarki da nake gani kamar ɗan unguwarmu, shi ne Nehemiya. Bayahude ne da yake zaune a ƙasar wasu, a birnin Shushan na Farisa, yana aikin miƙa wa sarki abin sha. Wata rana mutanen gida suka zo, ya tambaye su labari kamar yadda mu ma muke tare direbobi a tasha, suka gaya masa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinsa sun ƙone. Ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, sannan ya nemi izinin sarki ya tafi gyara. Wannan ya faru wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu. Cikin kwana 52 aka gama garun.

Abin da ya fi jan hankalina yana cikin sura 6. Da maƙiyansa, su Sanballat da Tobiya da Geshem, suka ga barazana ba ta tsayar da aikin ba, sai suka sauya dabara. Ba su ƙara cewa ya daina ba. Hanyar da za su raba shi da bakin aikin kawai suka shiga nema, kuma sun bi ta hanya 3. Na duba rayuwarmu a nan, na ga hanyoyin nan 3 su ne dai har gobe.

Ta farko: gayyata

Suka aika masa ya sauko su gana a kwarin Ono, wuri mai nisan tafiyar yini daga Urushalima. Ba zagi a cikin saƙon, gayyata ce irin ta mutunci. Sau 4 suna aikowa, sau 4 yana mayar musu da amsa iri ɗaya, cewa hannunsa yana kan aiki mai muhimmanci, ba shi da halin barinsa. Bai tsaya jayayya ba, bai kuma sake sabuwar hujja kowane zuwa ba.

Yawancin abin da ke cinye mana yini da wannan fuskar yake zuwa. Zo mu sha shayi. Zo ka ji abin da ya faru. Raka ni Mile 1 yanzu mu dawo, alhali kowa ya san cunkoson hanyar. Ko kuma waya ta yi ƙara, ka ce bari in duba sau ɗaya.

Shekarun baya ƙanwata ta aiko mini da ɗanta ya koyi ɗinki. Mijinta ya rasu, yaron shi ne babba, ƙannensa 4 suna makaranta. Yaro mai hannu ne, cikin wata 6 ya iya haɗa riga. Ana cikin hidimar Disamba, lokacin da mutanen Ribas ke ɗinkin Kirsimati da na bukukuwa, wani dattijo ya kawo yadi mai tsada a yi masa etibo, rigar nan ta mazan ƙasar nan. Na yi awo, na zana da alli, na ba yaron ya yanka. Wayarsa tana gefen teburi, ana buga wasan ƙwallon da ya sa kuɗi a kai. Ido ɗaya a kan almakashi, ɗaya a kan waya. Ya yanke gaban rigar ya gaza da kusan inci 3. Duk tela ya san yadi in ya yi tsawo ana ragewa, in ya gaza kuwa sai dai a sayi wani.

Na ba dattijon haƙuri, na sayi wani yadin. Da dare bayan mun rufe shago na zaunar da yaron.

Na ce, "Ɗana, me ya kawo ka Fatakwal?"

Ya ce, "Koyon ɗinki, Kawu."

Na ce, "Don me?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Don in taimaki Inna da su ƙannena."

Na ce, "To, kuɗin yadin nan da na biya yau ya kai kuɗin makarantar mutum biyu a cikinsu na zango ɗaya. 'Yan ƙwallon nan kuwa an biya su albashinsu, ba su san da kai ba."

Bai ce komai ba, sai hawaye. Washegari da kansa ya kawo wayar ya ajiye a cikin akwatin zare. Bayan shekara 2 ya sayi kekensa. Akwai wani yaron da muka yi irin wannan maganar da shi, ya ce shi ba bawa ba ne, ya kwashe kayansa. Ina ganinsa jefi-jefi a bakin Creek Road, muna gaisawa, ina kuma yi masa addu'a.

Ta biyu: buɗaɗɗiyar wasiƙa

A karo na 5 Sanballat ya aiko da wasiƙa ba a rufe ba, don duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta. A ciki an ce ana ta raɗe-raɗin Nehemiya yana shirin tawaye ya naɗa kansa sarki. Manufar ita ce tsoro ya kashe wa magina jiki. Nehemiya ya ƙaryata maganar a taƙaice, ya roƙi Allah ƙarfi, ya koma bakin aiki.

Mu baƙi mun san wannan wasiƙar sarai, sai dai yanzu ta WhatsApp take zuwa, da muryar wani da ba ka san shi ba yana cewa a tura wa kowa. Tsoronmu kuma yana da tushe. Dattawanmu ba su manta 1966 da yaƙin da ya biyo baya ba. A watan Oktoban 2020, da rikici ya ɓarke a Oyigbo har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a can da wasu sassan garin nan, duk wanda ke da ɗan'uwa a wajen bai yi barci ba. Haka a watan Disamban shekarar, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, mu 'yan Katsina zukatanmu suna gida, gangar jikin ce kawai a nan. Don haka ba zan ce wa kowa ya toshe kunnensa ba.

Amma a duba abin da Nehemiya ya yi a sura 4, lokacin da haɗarin yake na gaske. Bai tara kowa da kowa a kan garu suna leƙen hanya ba. Ya raba mutanensa, wasu suna tsaro, wasu suna gini, ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, ya ce duk inda aka ji ƙaho a taru a can. Wato mai gini ba ya buƙatar ɗaga kai kowane minti, domin ya san akwai wanda aka ɗora wa wannan nauyin.

Haka ya kamata mu yi. Muna da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, muna da limamai da fastoci da dattawan ikilisiya. A gida ma kowa yana da wa ko baffa mai hankali wanda ba ya ƙara wa magana gishiri. Ka zaɓi mutum biyu ko uku da ka amince da su, ka ce in da abin da ya kamata ka sani su kira ka kai tsaye. Su ne masu ƙahonka. Sauran saƙonnin su jira dare. Na sha ganin an rufe shaguna da rana tsaka saboda hoton da daga baya aka gane na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Cinikin ranar ya tafi, wanda ya turo hoton kuma ba zai biya maka kuɗin haya ba.

Ta uku: kira cikin rigar ibada

Wannan ta fi wuyar ganewa, kuma da 'yan'uwana masu bi nake. Wani mai suna Shemaiya ya ce wa Nehemiya su shiga Haikali su kulle ƙofa, wai za a zo kashe shi da dare. Maganar ta zo da kamannin annabci, wurin da aka ambata kuma wuri ne mai tsarki. Nehemiya ya auna, ya gane ba Allah ne ya aiko mutumin ba, hayarsa aka yi.

Fatakwal gari ne na tarurruka. Kowace kwana akwai allon talla, yau kwanan addu'a, gobe taron samun buɗi, jibi na karya la'ana, wasu ma da ƙarfe 9 na safiyar ranar aiki. Ban raina addu'a ba, da ita nake tashi, da ita nake kwanciya. Amma idan mutum ya karɓi kuɗin ɗinkin amarya, ya yi alkawarin Juma'a, sannan ya kwana 3 yana bin tarurruka yana neman buɗi, to buɗin yana kan teburinsa ya tsallake shi. Ranar Juma'a kuma sai ya yi ƙarya, ya ce ba a kawo wuta ba. Mai kayan ba za ta ce tela ya saɓa ba, cewa za ta yi ɗan coci ya saɓa.

Manzo Bulus ɗinkin tanti yake yi. A Ayyukan Manzanni sura 18 mun ga ya zauna da Akila da Biriskila a Koranti saboda sana'arsu ɗaya, yana aiki da hannunsa, ran Asabar kuma yana majami'a. Ya kuma tsawata wa waɗansu a Tasalonika da suka bar aiki suka koma shiga sha'anin mutane. A wurin mai bi, cika alkawarin kwastoma yana cikin ibada.

Sai dai a kula, shi ma aikin yana iya zama abin da ke ɗauke hankali. A Luka sura 10, Marta tana ta hidimar baƙi har ranta ya ɓaci, 'yar'uwarta Maryamu kuwa ta zauna tana sauraron Yesu, kuma Maryamu ce aka yaba wa. Hidimar Marta ba laifi ba ce, lokacin ne ba nata ba. Telan da ke taka keke ranar Lahadi da safe, 'ya'yansa ba su san muryarsa a addu'a ba, shi ma an sauko da shi daga garu, ko da aljihunsa a cike yake.

Darasin bakin ruwa

Duk wanda ya zauna Borokiri ya san ruwan nan yana cikowa yana janyewa sau 2 a kwana, kuma kullum lokacin yana ƙara matsawa da kimanin minti 50. Masu kwalekwale da mata masu tsintar isam, 'yan ƙananan dodon koɗin nan da ake sawa a miya, da wannan lissafin suke rayuwa. Idan ruwa ya janye, ba mai tsayawa hira, domin ba ya jiran kowa. Idan ya ciko, sai a zauna a gyara koma, a yi taɗi. Hirar tana da lokacinta, shi ya sa ba ta cin aikin.

Maƙwabtana Musulmi ma suna da irin wannan, salloli 5 sun yanka musu yini gida-gida. Annabi Daniyel, wanda shi ma a baƙunci ya tsufa, sau 3 a rana yake durƙusawa, ga shi kuwa babban ma'aikacin gwamnati ne. Yinin da ba shi da iyakoki kamar gona ce marar shinge, kowace akuya sai ta shiga.

Ga yadda muke yi a shagonmu, ko wani zai ga abin ɗauka. Tun da dare nake rubuta ɗinki 3 da dole a gama gobe, in manna takardar a jikin keke, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da asuba, karatun Littafi da addu'a kafin hannu ya taɓa waya. Yanka, wanda shi ne aikin da ba ya gyaruwa, da safe ake yinsa, da sanyin safiya ake kama fara. Daga ƙarfe 8 zuwa 12 manyan wayoyi suna cikin akwatin zare, 'yar ƙarama mai tocila ce kawai a waje, lambarta kuma tana wurin iyali da kwastomomi. Idan an kawo wuta, duk abin da ake yi a ajiye, a yi guga da aikin wuya. Da azahar a ci abinci, kowa ya duba saƙonninsa, a yi dariya. Wanda ya zo hira da hantsi, mu ba shi kujera da ruwa, mu gaisa sosai, sannan in ce masa, "Malam, ka yi mini uzuri, kayan mutane ne a hannuna, mu haɗu wurin mai shayi bayan magariba." Waɗanda suka ji haushi da farko, yau su ne suke kawo mini ɗinkin sallarsu, domin sun san ranar da na faɗa ita ce ranar. Lahadi kuma shago a rufe yake, ko wane ne ya zo.

Kammalawa

Littafin nan da nake karantawa da harshen uwata, shi ma haƙurin tsayawa kan abu ɗaya ne ya samar da shi. Likita Walter Miller ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900, ya zauna Zariya a 1905, amma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya yi aikinsa tare da abokan aiki Turawa da Hausawa, bai fito ba sai 1932. Garun Nehemiya kwana 52, wannan kuwa shekara 30 da ɗoriya. Wani aikin gajere ne, wani dogo, amma dukansu sai an zauna a kansu.

Kai ma kana da naka garun. Wataƙila ɗaki biyu ne da kake son gina wa tsohuwa kafin damina, ko sadaki, ko jarin kanka, ko karatun ƙanwarka. Ka ba shi suna, ka rubuta shi inda idonka zai riƙa gani. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan an aiko ka sauko, ka amsa da ladabi, ka ci gaba da aikinka, in an sake aikowa ka maimaita amsar.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya tsare iyalanmu na nan da na gida, ya ba ƙasarmu salama, ya sa ranar da za mu koma mu koma da abin da muka fito nema. Amin. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.